Agajin Gaggawa ga Tsofaffi a Unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu

Hausawa na cewa, lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Yaro kan ji wannan magana ya wuce, amma tsoho ya san nauyinta, domin ciwon da zai kwantar da saurayi kwana biyu yana iya raba dattijo da ransa cikin awa guda. A wannan darasi za ka karanta yadda ake kai wa tsofaffi ɗauki idan ciwo ya auka musu farat ɗaya a gida, musamman a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu. Za ka san alamomin haɗari, da hukumomin da aka ɗora wa wannan aiki, da kuma abin da kai kanka za ka iya yi. Abin da ake so ka riƙe shi ne, agajin gaggawa yana farawa ne daga ɗakin da tsoho ya faɗi, kuma wanda ya iya harshen tsohon yana cikin masu ceton ransa.

Su wane ne waɗannan tsofaffi?

Zaman Hausawa a gabashin Nijeriya ba sabon abu ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka sauka a Elele, wadda take cikin Jihar Ribas a yau. Da aka gano kwal a Inugu a 1909, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, sai fatake da 'yan tireda suka ƙaru. Bayan an gama gadar Makurdi a 1932, jirgi ya riƙa sauko da shanu da wake da albasa daga Arewa ba tare da tsayawa a bakin kogin Binuwai ba. Anaca kuwa kogin Kwara da babbar kasuwarta ne suka jawo baƙi, har yanzu akwai titin Bida da titin Sakkwato a kusa da kasuwar. A shekarun 1950 wani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko.

Mutanen ƙasar Ibo kan kira unguwar Hausawa Ama Awusa ko Ogbe Awusa. A yau za ka tarar da Hausawa da yawa a Gariki da ke Awkunanaw a Inugu, da bakin gada a Anaca, da Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal. Kowace al'umma tana da Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa.

Tsofaffin waɗannan unguwanni iri-iri ne. Akwai waɗanda a nan aka haife su, suna jin Ibo da Turancin buroka kamar kowa. Akwai waɗanda suka zo da girmansu, suka yi shekaru suna gadi ko dako ko sayar da goro, iyalinsu kuma suna can Kano ko Katsina ko Maraɗi. Akwai kuma tsofaffin mata da suka biyo 'ya'yansu, waɗanda ba su cika fita ba, kuma ba sa jin wani harshe sai Hausa. Da yawa sukan koma gida idan ƙarfi ya ƙare, amma ba kowa ne yake da halin komawa ba. Tsohon da yake kwana shi kaɗai a shago ko a ɗakin haya shi ya fi kowa shiga haɗari idan ciwo ya zo da dare.

Mene ne agajin gaggawa?

Agajin gaggawa shi ne taimakon da ake yi wa mutum cikin sauri idan rayuwarsa tana cikin haɗari. Yana da matakai uku. Na farko shi ne taimakon farko, wanda duk wanda yake kusa zai yi. Na biyu shi ne ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti, a motar ɗaukar marasa lafiya ko a abin hawan da ya samu. Na uku shi ne aikin likitoci da nas-nas a sashen da mutane ke kira imajansi. Idan mataki ɗaya ya yi rauni, sauran biyun ba za su amfana ba. Ko da asibiti yana da ƙwararrun likitoci, ba su da abin da za su yi wa wanda aka kawo bayan lokaci ya ƙure.

Me ya sa lokaci yake da muhimmanci haka? Idan numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Idan jini ya daskare ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, maganin da ke narkar da shi ya fi yin aiki cikin awa 4 da rabi na farko. Shi ya sa ake cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai cututtuka huɗu da sukan kai tsofaffi imajansi. Ya kamata ka san alamominsu da sunayensu na Hausa.

Na farko, shanyewar ɓarin jiki. Yawanci hawan jini ne ke jawo ta. Dubi fuskar tsohon: bakinsa ya karkace? Ka ce ya ɗaga hannuwansa biyu: ɗaya yana faɗuwa? Ka sa shi ya yi magana: harshensa ya yi nauyi? Idan ka ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya. Kada ka ba shi abinci ko ruwa ko magani, saboda yana iya ƙwarewa.

Na biyu, bugun zuciya. Mutum zai ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon yana iya sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, ga zufa ga haki. A jikin tsofaffi da masu ciwon suga, wani lokaci ba a jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai kasala mai tsanani da jiri da tashin zuciya. Ka zaunar da shi ya jingina, ka sassauta masa tufafi, kada ka bari ya yi tafiya da ƙafarsa.

Na uku, faɗuwar suga. Mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, ko wanda ya yi azumi ba tare da shawarar likita ba, sugansa yana iya sauka ƙasa ƙwarai. Zai riƙa karkarwa da zufa, ya ruɗe, ya yi magana kamar wanda ba ya cikin hayyacinsa. Idan yana iya haɗiya, ka ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba mai zaƙi nan take. Idan ya suma, kada ka ɗura masa komai.

Na huɗu, faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari, santsin banɗaki kaɗai yana iya karya masa ƙugu. Idan ya kasa tashi, ko ƙafarsa ɗaya ta juya waje, kada a ciccibe shi a zaunar a kan babur. A kwantar da shi a kan faffaɗan katako ko ƙyaure, a ɗauke shi a hankali. Asibiti za a fara zuwa a ɗauki hoton ƙashi, domin karayar ƙugu ba aikin da za a yi a gida ba ne.

Bayan waɗannan, gudawa da amai suna saurin ƙarar da ruwan jikin tsoho. Kafin a isa asibiti, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Idan ka tarar da tsoho a sume amma yana numfashi, ka kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ko harshe ya toshe masa maƙogwaro. Kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka zuba masa manja ko ruwa a baki. Idan kuwa ba ya numfashi, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora hannuwanka biyu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya har taimako ya iso. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana koyar da wannan aiki, kuma koyonsa a gaban malami ya fi karanta shi a littafi.

Wa za a kira, ina za a nufa?

Ƙasashe da dama suna da gajeriyar lamba ta neman ɗauki. Birnin Landan ya fara amfani da 999 a 1937, Amurka kuma ta fara amfani da 911 a 1968. A Ingila da Amurka har akwai ɗan maɓalli da tsoho kan rataya a wuya ko ya ɗaura a hannu, idan ya faɗi sai ya danna, a ji shi a wata cibiya a aiko masa da taimako. A Nijeriya lambar ita ce 112. Kyauta ake kiranta, ko da babu kuɗi a waya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ce ta kafa cibiyoyin amsa wannan kira a jihohi, su kuma suke miƙa saƙo ga 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Idan haɗarin mota ne, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Doka ma tana bayan marar lafiya. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wannan doka ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin agajin gaggawa. Da wannan kuɗi ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta soma shirin NEMSAS a Abuja a 2022, daga baya ya bazu zuwa wasu jihohi, har da Anambra da Ribas. Manufar shirin ita ce a ɗauko marar lafiya a kuma yi masa magani na awa 48 na farko ba tare da an tsare shi da maganar kuɗi ba, a asibitocin da suka shiga shirin. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021 domin kare haƙƙin tsofaffi.

Ya kamata kowane gida ya san babban asibitin da ya fi kusa da shi. A Fatakwal akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal a wajen Choba, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Ribas a cikin gari, wanda tsofaffi suka fi sani da sunan Braithwaite. A Inugu akwai asibitin Parklane, da Asibitin Ƙashi na Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla, kimanin kilomita 20 daga gari. A Anaca akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wato tsohon babban asibitin garin, da asibitin Borromeo, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe yana Nnewi.

Abin da ke kawo jinkiri

Doka da lambar waya ba su isa su kawo mota ƙofar gida ba. Motocin asibiti ba su wadata ba. Lunguna da yawa ba su da suna ko lambar gida, wasu kuma mota ba ta shiga. Cunkoson Upper Iweka a Anaca, ko ambaliyar da kan rufe titunan Fatakwal da damina, suna iya mayar da tafiyar minti goma ta zama ta awa guda. Saboda haka sau da yawa keke mai ƙafa uku ko motar maƙwabci ce ke zama motar asibiti.

Akwai kuma jinkirin da ke fitowa daga cikin gida. Dattijo kan ɓoye ciwonsa saboda kunya da juriya, ka tambaye shi ya ce da sauƙi alhali yana shan azaba. Wasu kan fara zuwa kemis su sayi ƙwaya, sai abu ya gagara a nufi asibiti. Wasu kan tsaya jiran izinin ɗan da yake Kano ko Zariya. Wasu ma kan ce a sa tsohon a mota a kai shi gida Arewa, tafiya mai nisa da wahala ko ga mai lafiya, balle wanda jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta toshe. Tsoron kuɗin asibiti shi ma yana hana mutane motsi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Maganin yawancin wannan jinkiri shi ne shiri tun ana lafiya. Ga abubuwan da kowane gida mai tsoho zai iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

A rubuta takarda ɗaya mai ɗauke da sunan tsohon da shekarunsa, da cututtukan da yake fama da su, da magungunan da yake sha, da waɗanda jikinsa ba ya karɓa, da lambobin mutum biyu daga danginsa. A rubuta ta da Hausa da Turanci, a liƙa a bayan ƙofa, a sa kwafi a aljihunsa tare da katin asibiti. A ajiye lambar direba ko mai keke guda biyu da suka yarda a tashe su da dare. A bar wa amintaccen maƙwabci makulli, a kuma saba leƙa tsohon safe da yamma. Idan dattijon da ba ya fashin sallar asuba bai fito ba, kada a ce barci ne, a je a ƙwanƙwasa. A sa fitila a hanyar banɗaki, a kawar da igiya da tabarmar da ke harɗe ƙafa. A riƙa auna hawan jini a kai a kai. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita, kuma kada a bar magani don an ji sauƙi.

Unguwa ma tana da nata rabon, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan agaji na ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam sun saba hidimar jama'a a masallatai da wuraren taro, kuma horo a kan taimakon farko yana ƙara musu amfani. Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa suna iya buɗe asusu, kamar yadda ake adashi, domin biyan kuɗin mota da magani a ranar da abu ya faru.

Inda Hausarka take da rana

Ka yi tunanin tsohuwar da ba ta jin Ibo ba ta jin Turanci, an kai ta gaban nas wadda ba ta jin Hausa. Nas tana so ta san inda ke ciwo da lokacin da ya fara, tsohuwa tana nuni da hannu, minti yana wucewa. A nan ne ɗalibin da ya koyi Hausa zai zama tafinta. Dubi wannan misali:

Ɗalibi: Sannu, Baba. Me ke damunku?
Dattijo: Ƙirjina ne, yaro. Kamar an danne ni.
Ɗalibi: Tun yaushe ya fara?
Dattijo: Tun bayan sallar la'asar.
Ɗalibi: Kuna da hawan jini ko ciwon suga?
Dattijo: Hawan jini. Maganin ya ƙare tun makon jiya.
Ɗalibi: Ku jingina a nan, Baba, kada ku tashi. Yanzu za mu kai ku asibiti. Allah ya sawwaƙe.

Ka lura da abubuwa uku. Ɗalibin ya ce Baba, ya kuma yi amfani da ku maimakon ka, domin haka ake girmama manya. Da mace ce, sai ya ce Inna ko Mama ko Hajiya. Na biyu, dattijon ya faɗi lokaci da sunan salla, saboda haka tafinta zai gaya wa nas cewa ciwon ya fara wajen ƙarfe huɗu na yamma. Na uku, tafinta na gari yana faɗin abin da aka ce daidai, ba ya ragewa ba ya ƙarawa. Idan tsohuwa ce take jin nauyin faɗin ciwonta a gaban namiji, a nemo mata mace.

Idan kai ne mai kiran 112, ka natsu. Ka faɗi inda kake da wata alama sananniya kamar masallaci ko kasuwa ko gidan mai, ka faɗi abin da ya faru da shekarun marar lafiya, sannan ka tura wani ya tsaya a bakin titi ya tari motar. Idan aka ce za ta daɗe, kada ka zauna jira, ka nemi abin hawan da ya samu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030, mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya haura. Tsofaffi za su ƙaru a kowace unguwa, ta Hausawa da ta Ibo da ta Ikwerre. Abin da ka koya a nan zai yi wa dattijon da ke sayar da goro a bakin titinku amfani, zai kuma yi wa kakarka amfani.

Ma'anar wasu kalmomi

Farat ɗaya: ba zato ba tsammani.
Kai ɗauki: zuwa da sauri don a taimaki wanda yake cikin haɗari.
Ƙwarewa: shigar abinci ko ruwa hanyar numfashi.
Rigingine: kwanciya a kan baya, fuska tana duban sama.
Ciccibe: ɗaga abu mai nauyi gaba ɗaya.
Tafinta: mai mayar da magana daga wani harshe zuwa wani.

Tambayoyi

1. Kawo matakai uku na agajin gaggawa.
2. Waɗanne alamomi uku ne ke nuna shanyewar ɓarin jiki?
3. Me sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana?
4. Bayyana dalilai huɗu da ke kawo jinkirin kai tsofaffi asibiti.
5. Yi bayanin karin maganar nan, ba a fafe gora ranar tafiya, dangane da wannan darasi.
6. Kai da abokin zamanka ku rubuta tattaunawa tsakanin ɗaliba da tsohuwar da ta faɗi a banɗaki, sannan ku karanta ta a gaban aji.